Yaron yana cikin aji, amma da wa yake zaune?

Shekara shida ke nan ina aikin mataimakiyar malama a wata firamare a arewacin Ingila. Aikina shi ne zama kusa da yaro mai buƙata ta musamman, ina taya shi bin darasi. Duk sa'ad da na je gida hutu sai 'yan uwa su ce, "Ai ku can kun huta, gurgu da kurma da mai lafiya duk aji ɗaya." Nakan yi murmushi kawai, don rabin maganar gaskiya ce, sauran rabin kuwa ni ce shaida a kansa.

An yi nisa, babu musu. Tun daga rahoton kwamitin Mary Warnock na 1978 kan ilimin yara masu buƙata ta musamman, da dokar ilimi ta 1981 Ingila ta karkata ga sa irin waɗannan yara a makarantar kowa da kowa. A 1994 gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta Sifaniya, suka amince cewa makaranta ce za ta gyara kanta don ta karɓi kowane yaro. Italiya ma ta riga kowa, tun 1977 ta soke azuzuwan da ake ware naƙasassu. A inda nake aiki kowace ƙofa akwai gangaren keken guragu, kuma yaron da buƙatarsa ta yi yawa yana da takarda daga ƙaramar hukuma mai bayyana taimakon da dole a ba shi, ko da yake iyaye kan yi wata da watanni suna safa da marwa kafin ta fito.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne binciken da Peter Blatchford da abokan aikinsa suka yi a Cibiyar Ilimi ta Landan, wanda sakamakonsa ya fito a 2009. Sun bi ɗalibai sama da 8,000, suka gano cewa waɗanda suka fi samun taimakon irina su ne suka fi jinkirin ci gaba, ko da an kwatanta su da yara masu irin matsalarsu. Dalilin bai ɓuya ba. Da zarar an ba yaro mataimakiya sai malamar aji ta sakar mata shi, wanda ya fi kowa buƙatar ƙwararriya ya koma hannun wadda horonta bai kai ba. Mu kuma hankalinmu yana kan a gama aikin kafin a kaɗa ƙararrawa, ko ya gane ko bai gane ba.

Ranar da na karanta wannan ban ji daɗi ba, don kaina na gani. Akwai wani yaro mai galahanga da na yi shekara guda a gefensa. Lokacin tara, yara na guje-guje, shi yana maƙale da ni a jikin shinge. Sunansa na rajista, kujerarsa na aji, amma babu yaro ɗaya da zai ce abokinsa ne. Ashe ni ce katangar. Ita kanta Warnock a 2005 ta fito ta ce a sake duba tsarin, saboda yara da yawa suna cikin aji a ware, wasu ana cin zalinsu. Ga shi kuma a binciken PISA na 2018, wanda ke kwatanta ɗaliban ƙasashe daban-daban, 'yan shekara 15 na Birtaniya suna can ƙasa-ƙasa wajen jin daɗin rayuwa, duk da kuɗin da ake zubawa.

Nan ne nake tuna makarantar allonmu. Akwai wani makaho da muka yi karatu tare. Babu wanda aka ɗauka aiki dominsa. Malam da kansa yake biya masa, mu kuma duk wanda gidansu ya fi kusa shi ne ɗan jagora ranar. Ya riga mu hadda nesa ba kusa ba, har in malam ya fita shi ke sauraron tilawarmu, ya gyara mana. Duk wanda ya tsokane shi, sai malam ya tuna masa a kan wa Suratu Abasa ta sauka.

Kada a ce ina yabon gida don kewa. Da muka wuce boko shi bai bi mu ba, ba wurinsa a can, ƙarshenta bara ya koma. Kuma makaho mai sa'a ne a wurinmu. Kurma fa? Mai galahanga kuwa sau da yawa ɗaki ake kulle shi, a ce aljanu ne. Makarantun musamman irin na makafi na Gindiri da aka buɗe tun 1953, ko Tudun Maliki a Kano, nawa za su ɗauka? Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika, kowa ya leƙa firamaren unguwarsu ya ga ko keke zai shiga.

Abin da ba na so shi ne masu dawowa daga taro a Turai su ce sai mun kwafo tsarin nan dungurungum. Ajin da ke da yara ɗari ba shi da kuɗin mataimakiya ga kowane yaro, kuma binciken ya nuna ba nan maganin yake ba. Gara a sa ƙarfi kan malamin aji. Akwai kwalejin horon malaman ilimin musamman a Oyo, akwai sassa a jami'o'in Jos da Bayero. Me zai hana duk mai neman NCE ya koyi rubutun makafi da maganar hannu gwargwado? In akwai kurma a aji, a koya wa ajin duka maganar hannu, yara ai nan da nan suke ɗauka.

Ni dai na sauya salo. Yanzu nakan zaunar da yaron da nake kula da shi cikin yara uku, in ja baya in kama wani aikin, malama ta zo kansa da kanta. Makon jiya na hango shi da wata yarinya suna faɗa a kan fensir, kowa ya riƙe gefe. Ban raba su ba.