A taƙaita wa? Ku bar Matan Zumunta su gama waƙarsu

To, na ga bidiyon da yaron nan mai sanarwa ya katse wa Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, waƙarsu a majami'a, ku daina turo min. Kuma tun kafin wani ya zo min da "ai yaron bai yi da wata manufa ba", bari in faɗa: abin da ya yi rashin kunya ne, waɗanda suka hakimce a kujerun gaba suna murmushi kuma sun fi shi laifi. Iyayenmu mata sun miƙe da ankonsu, an ɗora tulu kan gammo, mai bayarwa ta ja baitin farko, amshi ko gama zagaya majami'a bai yi ba, sai ga mai sanarwa: wai a taƙaita, akwai baƙi daga waje. Baƙi! Daga nan aka sakar wa samari fili, suka yi ta nanata layi ɗaya na Turanci da wata murya da su kansu ba su san daga wace jihar Amurka suka aro ta ba. Madalla. Allah ya ƙara basira.

Waƙar Zumuntar Mata ba ƙauyanci ba ce. Ita ce kwayar (ƙungiyar mawaƙan coci) da muke da ita wadda ba aro ba. Duk wanda yake jin kunyarta a gaban baƙo, kansa yake jin kunya.

Abin dariyar shi ne, Amurkan da kuke kwaikwayo ta wannan hanya suka bi. A 1871 ɗaliban Jami'ar Fisk da ke Nashville, yawancinsu 'yantattun bayi, suka fita yawon waƙa don makarantarsu ta talauce. Da waƙoƙin Turawa suka fara, don a ga su ma sun waye. Kuɗin kirki bai shigo ba sai da suka koma wa waƙoƙin da iyayensu suke yi a gonakin bauta, waɗanda da farko su kansu ba sa son rerawa a gaban Bature. A 1873 sai ga su gaban Sarauniya Biktoriya a Ingila, kuma da kuɗin waƙoƙin nan aka gina wa makarantar babban gini da yake tsaye har yau. Thomas Dorsey, wanda ake kira uban waƙar bishara ta baƙaƙen Amurka, coci-coci da yawa sun ƙi waƙoƙinsa da fari, wai kiɗan mashaya ya kawo ɗakin Allah. Yau jikan abin da aka ƙi ɗin ne kuke haddacewa a YouTube kuna lumshe ido.

Ku dawo kusa. A Ghana akwai Ephraim Amu, malamin waƙa a kwalejin horon malamai ta Akropong. Laifinsa? Ya hau mumbari da tufar gargajiya, kuma ya nace sai an koya wa ɗalibai ganga da waƙa irin ta ƙasarsu. A 1934 aka sallame shi. Bayan shekaru, ƙasar ta buga hotonsa a takardar kuɗi ta sidi 20,000. Waɗanda suka sa hannu a takardar korarsa fa, wa ya san sunansu yanzu? A Afirka ta Kudu, leburorin Zulu ne suke kwana gasar waƙa a masaukin ma'aikata, ba kiɗa, murya zalla, daga nan Ladysmith Black Mambazo suka fito har suka ɗauki lambar yabon waƙa ta Grammy sau biyar. Habasha kuwa ƙarni nawa suna buga gangarsu kebero a sujada, ba su taɓa neman izinin kowa ba. Kowa ya tashi da muryar gidansu. Mu kaɗai ne za mu ce wa uwarmu ta yi shiru saboda an yi baƙo.

Na san abin da za ku ce. "Ba su san nota ba," wato rubutun kiɗa. To sai me? Shata da Ɗanƙwairo nota suka karanta? Bayarwa da amshi tsarin waƙar ƙasar nan ne tun kaka da kakanni, shi za ka ji wajen masu mandiri a Kano, shi za ka ji wajen mata a bakin turmi. "Suna jan waƙa da yawa." Ku da kuka yi layi ɗaya har makogwaro ya bushe? "Matasa ba sa so." Ƙarya ne. Ranar jana'iza ku duba wa yake share hawaye in tulun nan ya fara gurnani. Ba na faɗa da jita ko piyano, kowa ya buga abinsa. Amma ba za a tsayar da mai gida don ɗan haya ya yi magana ba.

Yanzu ba gatse nake ba. Matan nan su suke tsara waƙoƙinsu. Wata ko aji ɗaya ba ta yi ba, amma za ta ɗauki labarin Ayuba ko na Rut ta zuba shi cikin baiti, tsohuwar da ba ta iya buɗe Littafi Mai Tsarki ba ta koma gida da shi a ka. Berom, Ngas, Bajju, Bura, Margi, Tangale, Bachama, kowa da yarensa, amma in suka jeru Hausa ce take haɗa bakinsu. Su ne a asibiti, su ne a gidan makoki kafin fasto ya iso, su ne da tukunya a gidan mai jego. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da ke Kwarhi kusa da Mubi a 2014, mutane suka watse, majami'u suka ƙone, wa ya je ya faɗa wa duniya? A 2015 kwayar matan EYN ce ta zagaya Amurka tana waƙa da Hausa, Turawa suna cika ɗakuna don su saurara. Waɗancan ba su ce a taƙaita ba. Sai ɗan da aka goya da zanen Zumunta ne zai ce.

Don haka ban karɓi "kuskuren tsara lokaci" ba. Mai sanarwar ya je gaban iyayen nan ya durƙusa ya ce Mama ku yafe min, kuma ba a bayan ofis ba, a inda ya yi abin. Dattawan da suka yi shiru su ma su raka shi.

Af, tunda an zo maganar, wa ya ce wa masu kula da lasifika Allah kurma ne? Majami'a 'yar ƙarama, an jera akwatuna har rufi, jarirai suna firgita, tsofaffi suna toshe kunne da ɗankwali, mai ganga kuma kamar da fatar yake gaba. Ku rage, don Allah. Kuma wanda ya ari Littafin Waƙoƙina mai baƙin bango tun Kirsimeti, na san kana karanta wannan, ka aiko min da shi ranar Lahadi.