Wa ya cancanci lambar yabo kan haƙƙin mata a Bauchi da Gombe?

Duk shekara idan ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, ta zagayo, ko 11 ga Oktoba da aka ware wa 'ya'ya mata, akan cika ɗakunan taro a Bauchi da Gombe ana raba lambobin yabo ga waɗanda aka ce sun tsaya wa mata. Ba na adawa da hakan, domin yaba kyauta tukwici ne. Abin da ke damuna shi ne sunayen da ake kira galibi na masu muƙami ne da iyalansu, alhali wanda ya fi ɗaukar nauyin aikin yana can karkara, ko labarin taron bai ji ba.

Ina nufin mai unguwar da ke tattaki har zauren uban da ya yi niyyar cire 'yarsa daga makaranta, ya zauna da shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har ya janye. Ina nufin limamin da ke tsayawa ranar rabon gado ya ce sai an auna wa mace kasonta na gona kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara, maimakon 'yan'uwanta maza su sallame ta da abin da bai taka kara ya karya ba. Haka nan ungozomar da ke iya duban maigida ta ce naƙuda ta yi tsawo, a tafi asibiti yanzu. Wanda ya taɓa ganin matan da ke jinya a cibiyar masu yoyon fitsari ta Ningi ya san abin da jinkirin wuni ɗaya ke jawowa. Waɗannan mutane suna shan suka, ana ce musu 'yan shisshigi, wani lokaci har a daina gaishe su a masallaci.

Masu cewa wannan magana baƙuwa ce su waiwayi tarihinmu. Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka karɓi tuta, shi kuwa Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilmantar da mata, kuma takan naɗa wa kowace jaji, wato jagorar malamai mata, malfa da jan rawani kafin ta tura ta koyar da matan ƙauyuka. Naɗin nan karramawa ce, amma irin wadda ke ƙara wa mai ita ƙarfin faɗa-a-ji a cikin mutanenta.

Dokoki akwai su: ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ta 2015 kuma ta haramta cin zarafi. Sai dai doka ba ta shiga cikin gida da ƙafarta, sai wanda masu gidan ke jin kunyarsa ya kai ta.

Saboda haka nake ganin masarautunmu da ƙananan hukumomi su karɓi ragamar wannan karramawa. A tambayi matan gari da malaman makaranta wa ya tsaya musu, a duba rajista a ga 'yan mata nawa suka kammala karatu a unguwarsa, sannan a kira shi fada ranar hawan salla, sarki ya ambaci sunansa a gaban jama'a. Wasu za su ce aikin Allah ne, yabo na iya jawo riya, kuma ina girmama wannan tsoro. Amma idan dagacin ƙauyen da ke maƙwabtaka ya ji sarki ya yaba wa takwaransa a kan wannan, zai san fada na bayansa ranar da shi ma zai shiga zauren wani uba ya roƙa a bar yarinya ta gama makaranta.