Gara da ba a rushe Ramin Kunu ba

Jama'a, akwai wani tsohon gini na jan bulo a garin Brantford da ke lardin Ontario a Kanada, wanda tun da na san labarinsa ya ƙi fita daga raina. Sunansa Mohawk Institute, tsohuwar makarantar kwana ce ta 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, amma yaran da suka zauna a cikinsa Mush Hole suke ce masa, wato ramin kunu, saboda kunun da ake ɗura musu kullum, wani lokaci ma ya lalace.

Cocin Anglika ne ya riƙe makarantar, daga baya gwamnati ta karɓa. Tun shekarun 1830 ake raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu ana kai su can, da yawansu daga al'ummar Six Nations, wato haɗakar ƙabilu shida na 'yan asalin yankin, kuma ba a rufe ta ba sai 1970. Da yaro ya iso sai a aske masa gashi, a ba shi lamba. Idan ya yi magana da harshen da ya sha a nono, duka ne. Karatun kaɗan ne, aikin ne da yawa: maza a gona, mata a wanki da ɗinki. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne gonar tuffa da ke gaban ginin. Waɗanda suka yi zaman wurin sun ce suna kwana da yunwa, ga 'ya'yan itace suna gani, an hana su taɓawa. A 1903 ɗalibai suka cinna wa makarantar wuta. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Ginin da ke tsaye yau shi ne wanda aka sake yi a 1904.

A 2013 rufin ya yi yoyo har ginin ya fara lalacewa, sai aka tambayi mutanen Six Nations ko a rushe. Mafi rinjaye suka ce a gyara a bar shi ya zama shaida. Na san akwai tsofaffin da ko ganin ƙofar ba sa so, kuma wallahi ba ni da bakin ce musu komai. Duk da haka ina tare da masu cewa a bar shi. Yara kusan 150,000 ne suka bi ta irin waɗannan makarantu a Kanada, gwamnati ta nemi gafara a 2008, hukumar da aka kafa don binciken waɗannan makarantu ta ce a 2015 kisan al'ada aka yi, amma har yau akwai masu cewa an zuzuta. Galibin sauran gine-ginen an riga an rushe su.

Wannan kuwa yana nan, kuma a bangonsa na baya akwai sunaye da yaran suka karta a jikin bulo da hannunsu, a makarantar da ake kiran su da lamba.