Kulle a Manchester, kulle a Kamba

Duk sanda hira ta biyo ta kan zamanin korona a tsakaninmu 'yan Kebbi mazauna Ingila, ba a rasa wanda zai girgiza kai ya ce Bature dai akwai bin doka, mutanenmu kuwa sai addu'a. Na gaji da jin wannan magana. A Manchester annobar ta same ni, mahaifiyata da ƙannena kuma ta same su a Kamba, kan iyakar Nijar. Abin da na gani da idona a nan, da abin da nake ji daga gida ta waya, bai nuna mini wani ya fi wani tarbiyya ba. An biya wani ne don ya zauna a gida, wani kuma aka ce masa ya zauna kawai.

Ranar 23 ga Maris 2020 Firaminista Boris Johnson ya fito a talabijin ya ce kowa ya kulle kansa. Kafin wannan jawabi gwamnatinsa ta riga ta sanar cewa ma'aikacin da aka rufe wurin aikinsa za a biya shi kashi 80 cikin ɗari na albashinsa, har zuwa fam 2,500 a wata. An dakatar da korar 'yan haya. Mai biyan bashin gida an ɗaga masa ƙafa na wata uku. Maƙwabcina da ke aiki a wani gidan cin abinci ya yi watanni yana dashen tumatir a bayan gida, ƙarshen wata kuɗi na faɗawa asusunsa. To mutumin da aka yi wa haka, zamansa a ɗaki wace gwaninta ce?

Kuma ba kowa ne ya zauna ba. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, don haka ina cikin waɗanda aka ce dole su fita. Bas ɗin asuba a lokacin kusan mu kaɗai ne a ciki: 'yan Najeriya, 'yan Ghana, 'yan Pakistan, masu shara a asibiti, masu jera kaya a kanti, kowa da takunkumi a fuska, kowa ya bar kujera tsakaninsa da na kusa. Masu zaman gida sun samu damar zama ne domin akwai waɗanda ke fita a madadinsu, suna kai musu abinci har bakin ƙofa. Wannan ɓangaren ba ya shigowa hirar masu yabon Bature.

A gida kuwa, kullen da Shugaba Buhari ya sanar ranar 29 ga Maris ya shafi Legas da Ogun da Abuja ne, daga baya aka haɗa da Kano. Abin da ya taɓa Kebbi kai tsaye shi ne rufe makarantu, da dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, da kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ba a ɗage ba sai farkon Yuli. Sai dai ga mutumin Kamba, korona ta tarar da shi ne a kulle. Tun watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa. Wanda bai san yankin Dandi ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mu garin Gaya na Nijar ba wata ƙasa ba ce a wajenmu. Can gwaggo take aure, can ake zuwa suna da ta'aziyya, can ake cin kasuwa. A Dole-Kaina ma iyakar ta cikin gari ta ratsa. Dillali, ɗan dako, mai kabu-kabu, mai sayar da tuwo a bakin tasha, duk abincinsu a kan wannan hanya yake. An toshe musu arewa da yamma, sannan korona ta zo aka toshe musu kudu.

Na kira kawuna a kwanakin nan ina roƙonsa ya rage fita, tunda shekaru sun ja kuma yana fama da ciwon suga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗan nan, na ji. In na zamna gida, mi za mu ci?" Gidansa akwai baki fiye da goma, kuma hannu baka hannu ƙwarya ake yi. Abin da aka samo da rana shi ake ɗorawa da dare.

Ita dokar hana tafiya tsakanin jihohi, a takarda an hana kowa in ban da motocin abinci da na magani da ma'aikata na dole. A kan kwalta kuwa ba ta hana tafiya ba, tsada ta ƙara mata. Ƙanena ya kwatanta mini yadda ake yi a hanyar Yawuri zuwa Kontagora. Direba zai tsaya nesa da shinge, fasinja su sauka, masu kabu-kabu su kwashe su ta cikin gonaki, a haɗu da mota a gaba. In kuma direban ya san masu tsaron shingen, ba sai an sauka ba, ya miƙa abin da zai miƙa a ɗaga masa gungume. Kuɗin duk a kan fasinja yake komawa. 'Yan ci-rani da sana'a ta tsaya musu a Legas da Abuja suka riƙa dawowa a bayan tirela, an cusa su tsakanin buhuna an lulluɓe da tamfol, kwana da wuni suna shaƙar numfashin juna. Da za a nemi hanyar da ta fi saurin yaɗa cutar numfashi, da wuya a samu wadda ta kai wannan, kuma dokar ce da kanta ta haifar da ita. Haka gwamnonin arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar wa juna, daga baya aka samu wasu daga cikin yaran da cutar.

Tallafin da aka yi ta jin labarinsa a rediyo, mutane da yawa sun fara ganinsa ne a watan Oktoba 2020, lokacin da aka fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, aka ga buhuna da katan-katan jibge. A daminar shekarar kuma ambaliya ta shanye fadamun shinkafa a Kebbi. Duk wanda zai yi hukunci a kan mutanenmu, ya fara haɗa waɗannan wuri ɗaya.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai waɗanda suka rantse babu korona, har lokacin da maƙabartun Kano suka cika da dattawa a watan Afrilu. Akwai masu ganin ƙin musabaha girman kai ne. Na san wannan, a cikin danginmu ma akwai su. Amma sakaci ba gadon gidanmu ba ne mu kaɗai. A tsakiyar Maris 2020, mako biyu bayan an samu mutum na farko da cutar a Legas, aka yi bikin kamun kifi na Argungu, shugaban ƙasa da kansa ya halarta. A wannan makon dai, ranar 11 ga wata, filin Anfield ya cika maƙil ana wasan Liverpool da Atletico, har da dubban magoya baya daga Madrid inda cutar ta riga ta yi ƙamari. Mun ga cunkoso a jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a Abuja alhali ana hana talaka taro. A nan kuma, a fadar firaminista aka riƙa shagali lokacin da mutane ke bankwana da iyayensu ta waya, har 'yan sanda suka ci Johnson tara a 2022. Ban manta da daren jajiberin Babbar Sallah ta 2020 ba, lokacin da aka sanar da hana ziyartar juna a Manchester da Bradford da wasu garuruwan arewacin Ingila, mata sun gama cefane, yara sun goge kayan sallah, su kuwa mashaya a buɗe suke.

Batun tafiya tsakanin ƙasashe shi ya fi ƙona mini rai. Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje daga 23 ga Maris har 5 ga Satumba 2020. A wannan tsakanin mutane nawa a cikinmu suka yi rashi, suka karɓi gaisuwa ta bidiyo, an jingina waya da buta a zaure, masu ta'aziyya na leƙowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah ya ba da haƙuri. Da aka buɗe, sai ka yi gwaji kafin ka tashi, ka cike fom a intanet, ka biya kuɗin wani gwajin da za a yi maka bayan kwana bakwai, ka yi alƙawarin killace kanka. Killace kai a gidan gandu? Ka sauka daga Turai ka shige ɗaki ka ce wa Inna kada ta shigo, maƙwabta kada su zo sannu da zuwa? Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida yana tunanin mai gida a Maitama ne, mai ɗakin baƙi da banɗakinsa a ciki.

Sai kuma Disamba 2021. A ƙarshen Nuwamba Afirka ta Kudu ta gano nau'in korona na Omicron ta sanar da duniya, sakayyarta aka rufe mata ƙofa. Ranar 6 ga Disamba Birtaniya ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ta haramta wa shiga. Ƙasashe goma sha ɗaya ne a jerin, dukkansu na Afirka, alhali an riga an samu nau'in a Turai. Mai takardar zama da ya je gida hutu, in zai dawo sai ya yi kwana goma a otal ɗin da gwamnati ta zaɓa, ya biya fam 2,285. Wani abokin aikina ya ci bashi ya biya, domin in bai dawo ba aikinsa zai tafi. Ranar 15 ga wata aka soke jerin gaba ɗaya, aka ce ba shi da wani amfani tunda cutar ta riga ta bazu a cikin ƙasa. Kwana tara kenan. A ganina shingen filin jirgin Heathrow da na hanyar Kontagora aiki ɗaya suka yi, mai kuɗi ya wuce marar shi ya tsaya, bambancin kawai na Heathrow yana ba da rasit. A wannan watan ne kuma Najeriya ta lalata allurar riga-kafi fiye da miliyan ɗaya, waɗanda ƙasashe masu arziki suka ba da kyauta lokacin da wa'adinsu ya kusa ƙarewa.

Abin takaicin, muna da abin da ya dace da mu a hannu. A watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar shan-inna ta daji, kuma ba da shinge aka kai ga haka ba. Mata masu ɗigon riga-kafi ne suka bi gida-gida, da dagatai da limamai, da goyon bayan sarakuna irin na Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Da ta wannan hanya aka bi da hatsi da sabulu da bayani, aka bar mota ta ɗauki rabin fasinjanta a fili maimakon tirela a ɓoye, da kawuna ya samu amsar tambayarsa.

An buɗe iyakar Illela da ta Maigatari a Disamba 2020. Ta Kamba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe ta, ba a ba da umarnin buɗewa ba sai Maris 2024. Ƙanena ya sayar da babur ɗinsa a tsakanin rufewa ta farko da ta biyu, yanzu yana Ibadan yana sayar da albasa.