Ku ƙarasa karatun zuwa aya ta 10

Wannan guntun wa'azin da ake ta turawa tun shekaranjiya, inda mai wa'azin ya ce tunda ceto ta wurin alheri ne, to kula da maraya da gwauruwa ganin dama ne kawai, ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yawan "Amin" da aka jera a ƙarƙashinsa.

Ya karanta Afisawa 2:8-9, ya rufe littafin. Gaskiya ne, wurin ya ce ta alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Amma aya ta 10 tana manne da su, kuma ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi. Magana ɗaya ce ta mutum ɗaya, wato manzo Bulus. Wa ya ba mai wa'azin izinin yanke ta a tsakiya?

Na san za a ce ai Bulus da Yakubu sun saba, Romawa 3:28 ta ce ana barata mutum, wato Allah ya lasafta shi mai adalci, ta bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'a ba, Yakubu 2:24 kuma ta ce ta ayyuka ne, ba ta bangaskiya kaɗai ba. 'Yan'uwa, kafin ku haɗa ayoyi biyu faɗa, ku tambayi da wa kowanne yake magana. Bulus yana fama ne da masu cewa sai Ba'al'umme, wato wanda ba Bayahude ba, ya yi kaciya ya kiyaye dokokin Musa kafin Allah ya karɓe shi, rigimar da ta kai manzanni ga taron Urushalima a Ayyukan Manzanni sura 15. Yakubu kuwa yana fama da mutumin da ya ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci, ya ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, bai miƙa masa komai ba. Irin wannan bangaskiyar, in ji shi, har aljanu suna da ita, suna ma rawar jiki.

Ku duba Ibrahim, tunda dukansu da shi suka kafa hujja. Bulus ya tsaya a Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata aka lasafta masa adalci. A lokacin ba a haifi Isma'ilu ba, wanda ya zo Ibrahim yana da shekara 86, kaciya kuwa sai da ya kai 99. Yakubu ya tafi Farawa 22, inda aka ɗora Ishaku a bagade, Ishakun da aka haifa uban yana da shekara 100. Ɗaya yana nuna inda bangaskiyar ta fara, ɗayan yana nuna abin da ta haifar bayan shekaru masu yawa. Ina saɓanin?

Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu fa, wanda za a ce ya sami ceto ba tare da aiki ba? Sa'o'i kaɗan suka rage masa, hannuwansa a kafe, duk da haka ya tsawata wa ɗayan ɓarawon, ya amsa laifinsa a gaban jama'a. Kai hannunka a sake yake. Martin Luther ma, jagoran gyaran ikkilisiya, da ya kira wasiƙar Yakubu ta tattaka a 1522, shi ne ya rubuta a gabatarwarsa ga Romawa cewa raba ayyuka da bangaskiya kamar raba zafi da haske ne daga wuta.

Bulus ɗin da ake fakewa da shi ya ce a Galatiyawa 2:10 tunawa da matalauta abu ne da ya himmatu a kai. Har tsari ya bayar a 1 Korintiyawa 16:2: kowace ranar farko ta mako, kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa, kada a tsaya tarawa sai ya iso.

Masu ƙirga azumi da zakka kamar kuɗin sayen sama su ma kada su yi murna, Bafarisiyen Luka 18 yana azumi sau 2 a mako, ya koma gida ba a barata shi ba. Alheri ne a gaba, aiki yana biye. In aka juya su an sami fahariya, in aka cire na biyun an sami gawar da Yakubu 2:26 ta ambata. Ku ƙarasa zuwa aya ta 10!

Wani abu kuma, masu manna aya guda a kan hoto suna turawa da asuba. Bulus bai sa wa wasiƙunsa lamba ba. Surori sun zo ne a ƙarni na 13, aikin da ake danganta wa wani bishop mai suna Stephen Langton, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya buga su a 1551. An sa su ne don a sami wuri da sauri. Don Allah, duk wanda zai turo aya, ya haɗa da aƙalla 5 na gabanta da 5 na bayanta.