Yawan cinikin magani ba shi ne ribar hannun jari ba

A wani kantin magani kusa da babbar kasuwar Garwa na ji wani ɗan kasuwa yana cewa kamfanin da ke yin magunguna masu araha, irin paracetamol da amoxicillin da muke saye da 'yan sefa, hannun jarinsa ba ya faɗuwa, tunda ciwo ba ya ƙarewa. Da yawa haka suke zato, kuma abin yana damuna, domin da guminsu suke zuba kuɗin.

Waɗannan kamfanoni jira suke haƙƙin mallakar magani ya ƙare, galibi bayan shekara 20, sannan su yi kwatankwacinsa. To, ba su kaɗai ke jira ba. Ƙofa na buɗewa sai wasu su shigo, musamman na Indiya, kowa na karya farashi. Kwalaye na fita, amma ribar kowace ƙwaya tana ƙanƙancewa.

Ga kuma bashi. Teva, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin magunguna masu araha, ya sayi Actavis Generics, sashen da ke yin irin waɗannan magunguna a kamfanin Allergan, a 2016 kan dala biliyan 40 ko kusa da haka, yawanci da rance. A 2017 ya sanar da sallamar ma'aikata 14,000. Hannun jarin da ya kai wajen dala 70 a 2015 ya dawo ƙasa da dala 10 a 2019, alhali marasa lafiya ba su daina shan maganinsa ba.