Kartar da aka kwana ana yi

'Yan uwana matasa, musamman ku masu buga cacar ƙwallo a waya, ku matso.

A shekarar 1878 wani mai zane ɗan Ingila, William Powell Frith, ya kai zane guda biyar baje kolin Royal Academy a Landan, ya sa musu suna The Road to Ruin, wato hanyar halaka. A zamanin Sarauniya Victoria masu zane da yawa da fenti suke wa'azi, mutum ya tsaya gaban allo ya karanta labari tiryan-tiryan. Waɗannan kuwa jama'a suka yi musu cincirindo, har sai da aka gitta ƙarfe a gabansu.

Saurayi ɗaya ake bi. A zane na biyu yana filin sukuwa na Ascot yana zuba kuɗi kan dawaki. A na uku ma'aikacin kotu ya shigo masa har falo saboda bashi, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya tsere Faransa, can ma mai gida ta biyo kuɗin haya. A na ƙarshe yana kulle ƙofar wani ɗan ɗaki, ga bindiga a kan tebur.

Ni dai na farkon ne ya fi tsaya mini a rai. Ɗaki ne a jami'a, samari 'ya'yan masu hali sun kwana suna karta har gari ya waye. Babu mai kuka, babu mai bin bashi, tufafin kowa tsaf. Da shi kaɗai aka rataye, sai ka ce ai ƙuruciya ce, za su daina. Tun ran gini ran zane: Frith ya san wanda ya ga na biyar zai dawo ya sake duban wannan daren da wani ido.

Shi kansa Frith ɗin, wanzami ba ya son jarfa. Yana yi wa mutane wa'azi alhali yana da wata mace a ɓoye, har da 'ya'ya bakwai. Wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa, bai kuma mayar da caca halal ba.

Kai da kake cewa naira ɗari biyu ce kawai, kuma ai jiya ka ci, ka buɗe wayarka yau ka haɗa lissafin abin da ka zuba tun daga Sallah zuwa yanzu. Ka faɗa wa yayanka ko wani aminin da kake jin nauyinsa adadin, da bakinka, kafin wasan Asabar.